Burodin Gwaggo na Ranar Asabar

A Gallabat, can ƙarshen Sudan ta gabas inda ta yi iyaka da Habasha, akwai wata dattijuwa Bahaushiya wadda duk unguwa ke kira Gwaggo. Mai bin Yesu ce, ita kaɗai a cikin Hausawan unguwarsu. Da wuya a sami wanda ya san sunanta na ainihi, amma ko ƙaramin yaro ka tambaya ina gidan mai burodin dabino, zai kama hannunka ya kai ka har ƙofa.

Garin ba babba ba ne. Wani kwari ne ya raba shi da Matamma ta Habasha, da damina ruwa ya cika shi, da rani sai yashi, gada guda kuma a bisansa. Tun ƙarni na 18 mutanen yamma masu tafiya Makka da ƙafa suke yada zango a wurin. Waɗansu guzuri ya ƙare musu, suka kama noma, suka yi aure, har suka zama su ne masu gari. Takari ake ce musu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, waɗansu jama'a masu yawa suka sāke kwararowa gabas, suka kafa Mai Wurno a bakin kogi, suka bazu har lardin Gadarif. Don haka wanda ya fito daga Kano ko Zariya ya shiga kasuwar wannan lardi zai ji Hausa, tsohuwa, gauraye da Larabci. A wannan fili kuma aka yi yaƙin watan Maris na 1889, inda Sarki Yohanna na Huɗu na Habasha ya sami raunin da ya zama ajalinsa a hannun mayaƙan Mahdi. A Nuwamba 1940 sojan Ingila da na Italiya suka sāke gwabzawa a kan tudun garin. Gwaggo ba ta damu da waɗannan labarai ba. Abin da ta sani shi ne Gallabat garin kan hanya ne, matafiyi kuwa da yunwa yake isowa.

Ita kanta hanya ce ta kawo ta. A wani ƙauye na ƙasar Zariya aka haife ta. Mijinta ya koyi aikin ba da magani a asibitin mishan, sa'ad da kuma yunwar Habasha ta 1984 da 1985 ta koro dubban mutanen Tigirai zuwa sansanoni irin na Wad Kawli, aka nemi ma'aikata, ya ce ga shi. Ta biyo shi tana amarya. Da aikin sansani ya ƙare ba su koma ba, suka buɗe ɗan kantin magani a Gallabat. Allah ya ba su ɗa guda bayan dogon jira. Yaron yana makarantar firamare uban ya rasu, aka binne shi a bayan gari. 'Yan'uwa suka rubuto daga gida ta komo, ta ce to, bari damina ta wuce. Damina fiye da ashirin ke nan ta wuce.

Burodin nata ba daga wuri ɗaya ta samo shi ba. Tana yarinya a makarantar kwana ta 'yan mata ta ga wata Baturiya tana yin burodin Kirsimati da man shanu da ƙwai da zabibin gwangwani. Sau ɗaya a shekara ake yinsa, kowace yarinya ta sami yanki kamar yatsa biyu. Ta kuma san gurasar Kano wadda ake mannawa a jikin tanderu. Amma wadda ta koya mata ainihin aikin maƙwabciyarta ce, wata Bahabashiya 'yar ikkilisiyar Otodoks, mai yin wani burodi faffaɗa mai ɗan zaƙi da suke kira ambasha, ana zana masa layuka a fuska kamar ƙafar keke. Daga wurinta Gwaggo ta san korarima, wani ƙwanso mai 'ya'ya baƙaƙe masu ƙamshi, ɗan'uwan abin da mutanen Sudan ke sa wa shayi da gahawa suna kira habahan. A wurinta kuma ta gane cewa in tana so maƙwabta su ci, sai ta bar man shanu da ƙwai da madara, gama 'yan Otodoks ba sa cin abin da ya fito daga dabba ran Laraba da Jumma'a, haka kuma cikin kwana 55 na babban azuminsu. Sai ta koma ga man riɗi. Wannan ba wuya, don ƙasar Gadarif ƙasar riɗi da dawa ce, akwai ma inda raƙumi ne ke zaga turmin matsar man, idanunsa a rufe.

Ga yadda take yi, ko wata a Zumuntar Mata za ta so ta gwada.

Tun daren Jumma'a take jiƙa dabino. Barakawi take saye, wanda ake kawowa daga arewa wajen Dongola. Busasshe ne, da tauri kamar ƙashi, in aka sa shi haka cikin kwaɓi zai tsotse ruwan burodin ya bar shi gayau. Takan ɗauki kamar ƙwaya 30, ta cire ƙwallayen, ta yayyanka, ta zuba musu ruwan ɗumi tare da zabibi cikin tafin hannu. Ruwan jiƙon nan ba ta zubarwa, da shi za ta yi kwaɓi, zaƙinsa kuma ya sa ba ta bukatar sukari, sai zuma babban cokali biyu.

Gari kilo ɗaya, rabi fulawar kanti, rabi alkamar da ta kai inji da kanta aka niƙa da dusarta. Takan ce fulawa zalla farin jini gare ta amma ba ta riƙe ciki, alkama zalla kuma sai mai haƙoran ƙarfe. Gishiri ƙaramin cokali biyu, yisti ma haka, man riɗi babban cokali huɗu, ruwa ɗan sama da rabin lita. Ɗumin ruwan kada ya wuce wanda za a yi wa jariri wanka da shi. Yisti abu ne mai rai, yana cin zaƙin da ke cikin kwaɓi yana fitar da iska, ruwa mai zafi kuwa kashe shi yake yi. Iskar nan danƙon alkama ne ke riƙe ta, danƙon kuma ba ya fitowa sai an cuɗa. Gwaggo takan durƙusa a gaban akushi ta yi ta dannawa da gindin tafin hannu, ta naɗe, ta juya, ta sāke dannawa, tana rera waƙoƙin sujada a hankali. Idan ta gama waƙa uku da dukan baitocinsu, kwaɓin ya daina kama hannu, ya yi santsi kamar kumatun yaro. Ba ta da agogo a madafi, wannan ne agogonta.

A nan ne mutane da yawa ke kuskure. Sukan zuba kirfa da kanumfari tun farko, sa'an nan su yi mamakin abin da ya hana burodi tashi. Kirfa da kanumfari suna rage wa yisti ƙarfi. Don haka ita sai ta rufe kwaɓin da tsumma mai laima, ta bar shi ya ninka kansa tukuna. Kafin nan ta daka kayan ƙamshinta a ƙaramin turmi: kirfa cokali ɗaya, citta rabin cokali, kanumfari ƙwaya biyar kaɗai don yana da mulkin kama-karya, da 'ya'yan korarima na ƙwanso ɗaya. Ta barbaɗa su a kan dabinon da ta tsane, ta shimfiɗa kwaɓin, ta zuba, ta naɗe kamar tabarma. Tana lura kada dabino ya leƙo waje, gama wanda ya leƙo zai ƙone ya yi ɗaci. Ta raba biyu, ta mulmula, ta bar su su sāke tashi. A watan Afrilu, lokacin da zafin Gallabat ke wuce digiri 40, tun kafin kiran assalatu take fara aikin, in ba haka ba kwaɓi ya yi gaggawa ya tsami.

Tanderunta tukunyar ƙarfe ce babba. Yashi a gindi, tire a kan yashi, garwashi a ƙasa kaɗan, a kan murfi da yawa. Kafin ta rufe takan shafa wa burodin ruwa, ta watsa riɗi da habbatus sauda, ta ɗauki wuƙa ta ja layi biyu masu gilma juna, sa'an nan ta ƙara biyu, ya zama kashi takwas. Bayan kamar minti 45 ta ciro, ta ƙwanƙwasa gindinsa. In ya amsa kamar ganga ya nuna. Ba ta yarda a yanka shi da zafi, ko wa ya roƙa, don cikinsa bai gama zama ba. Saboda dabino da mai, yakan yi kwana huɗu bai bushe ba, shi ya sa direbobi ke sonsa.

Wani tsohon malami mai makarantar allo a bayan gidanta ya taɓa tambayarta ma'anar layi biyun farko. Ba ta ɓoye masa ba, ta faɗa masa abin da gicciye yake a gare ta. Ya yi shiru yana shafa gemu, can ya ce, "To, Gwaggo, ni daga zanen baya zan riƙa gutsura." Tun daga ranar bai fasa aiko almajirinsa kowace Asabar ba, ita kuma ba ta fasa zanenta ba.

Da can burodi ɗaya na masu sujada ne. A zauren wani gida suke taruwa ran Lahadi, yawancinsu mutanen kudu masu aikin gona da 'yan Dutsen Nuba. Bayan kudu ta ɓalle a watan Yuli na 2011 aka ce 'yan kudu su koma ƙasarsu, zauren ya zama fili, saura mutum kaɗan da wani dattijo Banube mai karanta musu Littafi Mai Tsarki da Larabci. Gwaggo tana bi da nata na Hausa a cinya. Ɗaya burodin kuwa na ɗanta ne. Ya girma, ya sami aikin gyaran lantarki a Umdurman. Duk mako biyu takan naɗe masa a tsumma ta ba wani direba, ya kai Gadarif, kimanin kilomita 150, daga nan wata mota ta bi da shi ta Wad Madani, fiye da kilomita 400, zuwa Hartum. Ɗan fari ne, saboda haka bisa ga al'adar gida ba ta taɓa kama sunansa ba. "Yaron nan" take cewa. Direban ya san wanda ake nufi.

Ran Asabar 15 ga Afrilu 2023 ta yi tuya biyu, don washegari ne idin tashin Almasihu na 'yan Otodoks, maƙwabciyarta za ta buɗe baki bayan dogon azumi, Musulmi kuma suna cikin goman ƙarshe na Ramadan. Tana ciro na biyu sai ta ji rediyo a gidan malam an ƙure masa murya. Soja da dakarun kai ɗaukin gaggawa sun kama faɗa a tsakiyar Hartum. Ta kira yaron, ya ɗauka, ya ce yana lafiya, ana harbi amma nesa da su, kada ta damu. Washegari ma ta same shi. Ran Litinin wayar ta yi ta ƙara ba amsa. Daga ran Talata ko ƙarar ma babu.

Kafin mako ya zagayo, mutane suka fara isowa. Motoci cike, katifu a sama, yara a cinya. Mutanen Sudan, Habashawa da Iritiriyawa masu aikatau a Hartum, Somaliyawa, Turkawa, da waɗansu da ba a taɓa jin harshensu a garin ba. Duk suna so su haye gadar nan zuwa Matamma, gadar kuwa ba ta wucewa sai da hatimi. Suka kwana a fili, a gindin motoci, cikin zafin bazara. Ta ji an ce gwamnatin Nijeriya ta kwashi ɗalibanta a bas zuwa iyakar Masar, amma yaron ba ɗalibi ba ne, a Sudan aka haife shi, ba wanda zai sa sunansa a takarda.

Kuɗin kome ya tashi. Jarkar ruwa, kofin shayi, inuwar rumfa, kowa ya sa wa abinsa sabon farashi. Gwaggo tana da buhun fulawa ɗaya da rabi. Ba za a ɓoye ba, ita ma ta ninka kuɗin burodinta har sau huɗu. Tana da hujja, kuma hujjar ba ta banza ba ce: tana tara kuɗin mota ne ta tafi neman ɗanta, kujera ɗaya kuwa ta zama kuɗin akuya. Kwana biyu ta yi haka, ciniki ya yi kyau ƙwarai. A rana ta uku wata mata 'yar Hartum, da gani 'yar gidan rufin asiri ce, ta tsaya da yarinya a hannu, ta tambayi kuɗin yanki ɗaya. Da aka faɗa mata ta buɗe jaka, ta duba, ta rufe, ta ce na gode, ta ja yarinyar. Ba ta yi ciniki ba, ba ta roƙa ba. Yarinyar ce kaɗai ta yi ta waiwaye. Gwaggo ta bi su da yanki a hannu, amma taron ya haɗiye su. Ta zaga har faɗuwar rana ba ta gan su ba.

A daren ba ta iya addu'a ba. Ta durƙusa, ta buɗe baki ta roƙa wa yaron nan wanda zai ba shi abinci a inda yake, maganar ta tsaya mata a wuya. Da safe ta mai da farashi yadda yake a da. Mai kuɗi ya biya, marar kuɗi ya ɗauka. Maganar tafiya Hartum kuma ta mutu, ko da ma malam da maƙwabciyarta sun riga sun ce ba za su bar ta ta shiga motar da ke fuskantar wuta ba.

Ta koma tuya kullum, ba Asabar kaɗai ba. Fulawa ta yi ta raguwa, ta fara gauraya garin dawa, kashi ɗaya cikin huɗu. Dawa ba ta da danƙon alkama, saboda haka burodin ya rage tashi, ya yi nauyi, yana marmashewa. Da ta kai kashi ɗaya cikin uku ya zama kamar bulo, ta koma baya. Ran Lahadi dattijon ya karanta labarin gwauruwar Zarefat wadda ta ciyar da annabi Iliya, garinta da manta ba su ƙare ba har aka yi ruwa, yana karantawa yana dubanta. Bayan an tashi ta ce masa, "Baba, ni nawa buhun yana ƙarewa. Kowace safiya ina auna shi da kamu." Gaskiyarta ne, ya ƙare kuwa ƙarƙaf. Sai dai matan malam sun kawo mata ragowar dabinon azumi cikin ƙwarya, Bahabashiya kuma, wadda masu tsaron gada suka saba da fuskarta, ta yi ta hayewa Matamma tana dawowa da alkama da zuma a ƙarƙashin mayafi. Wannan ma ba ta hana Gwaggo aunawa da kamu ba.

Daga kowace tuya takan ware rabin burodi ta naɗe a tsumma. Da la'asar ta tafi inda motocin Gadarif ke sauke mutane, ta tsaya tana duban fuskoki. Takan tare samari ta ce, ko kun ga wani yaro dogo, baƙi, mai gyaran lantarki, a Umdurman, yana da tabo a goshi? Su ce, Hajiya, Umdurman da faɗi, mene ne sunansa? Sai ta yi shiru, ta ce yaron nan dai. Su girgiza kai su wuce. In duhu ya yi ta kwance tsumman ta ba wanda ya fi kusa.

Wata rana mota ta iso daga Umdurman kanta. Wani saurayi ya saurare ta da haƙuri, ya ce, "Uwata, don Allah ki faɗi sunan, mutum nawa ne masu tabo a goshi?" Ta duba dama da hagu kamar mai shirin sata. Sa'an nan ta faɗa, a hankali da fari, saurayin bai ji ba saboda ƙarar inji, sai ta ɗaga murya ta kira sunan ɗanta na fari a tsakiyar tasha, abin da ba ta taɓa yi ba cikin shekara talatin. Saurayin bai san shi ba. Amma ya rubuta sunan da lambar wayarta, ya ce zai aika wa abokansa da suka rage a unguwanni, akwai samari da suka haɗa kai suna kwashe masu rauni suna dafa wa mutane abinci. Daga ranar ta yi ta faɗin sunan ga kowace mota, kunya ta riga ta tafi.

Mako na biyar, da tsakar dare, wayar ta yi ƙara da lambar da ba ta sani ba.

"Mama, ni ne."

Ta zauna a ƙasa. Ya ce an kwashe kayan shagonsu har da wayarsa, amma ba abin da ya same shi. Yana tare da samarin unguwa, suna da takiyya a harabar wata makaranta, wato tukunya guda ta kowa da kowa, shi ne mai kula da famfon rijiya da batir mai aiki da rana. Ta ce ya kamo hanya gobe, za ta ci bashi ta aika da kuɗin mota. Ya yi shiru. Ya ce in ya tafi ba mai tayar da famfon, tsofaffi da yawa kuma ba su da inda za su.

"Ni ba tsohuwa ba ce?" in ji ta. "Ni ina da wani ne bayan kai?"

"Mama, ki yi haƙuri. Ke kina da su malam."

Ta yi faɗa, ta yi kuka, ta tuna masa kabarin ubansa. Ya bar ta ta gama. Can ya ce layin zai yanke, akwai abin da yake so ya tambaya. Sun sami buhun fulawa biyu da dawa mai yawa, da dabino daga wani shago da mai shi ya bar musu, yara kuma sun gaji da fate. Dawa nawa za a iya sawa burodi bai lalace ba?

Ta share fuska da bakin zane.

"Ɗaya cikin huɗu," ta ce. "Kada ka wuce haka. Ka jiƙa dabinon tun dare, kada ka zubar da ruwan. Kuna da kirfa?"

"Akwai kaɗan."

"Kada ka sa ta sai kwaɓin ya tashi."

Ya fara wata magana, layin ya yanke. Ta yi ta kira, bai shiga ba. Ta ɗan zauna da wayar a hannu, sa'an nan ta kunna fitila, ta jawo ƙwaryar dabino ta fara cire ƙwallaye.